Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi: Lahanin ganuwar tsaron kwamfuta

Ranar 5 ga watan Maris na shekarar 2019, ma'aikatan ɗakin kula da na'urori na kamfanin wutar lantarki na sPower, wanda a lokacin hedikwatarsa ke birnin Salt Lake City a jihar Utah ta Amurka, suka ga abin da ya ɗaure musu kai. Tashoshinsu na hasken rana da na iska da ke nesa, wasu a Kalifoniya wasu a Wyoming, sai su ɓace daga allon kwamfuta, bayan 'yan mintoci su dawo, can kuma su sake ɓacewa. Kowace ɓacewa ba ta kai minti biyar ba, amma haka aka yi ta yi har kusan awa 10. Tashoshin da abin ya shafa suna da ƙarfin megawat 500 a haɗe, wato ɗan kaɗan ya rage su kamo tashar Shiroro mai megawat 600. Wuta dai ba ta ɗauke ba, injuna sun ci gaba da aiki, sai dai masu kula da su sun zama makafi na wucin gadi.

Da aka bi sawu, sai aka tarar ba waya ce ta tsinke ba, ba kuma guguwa ba ce. Na'urar da aka saya musamman don tsaron kamfanin, ƙirar Cisco, ita ce ke mutuwa tana sake tashi. Wani ne daga can waje yake aiko mata da saƙon da ba ta iya haɗiyewa, kuma bai buƙaci kalmar sirri ba balle izinin kowa.

Wannan na'ura ita ce masana ke kira fayawol, mu kuma bari mu kira ta ganuwar tsaro, domin aikinta bai bambanta da na ganuwar birni ba: a kewaye gari, a bar ƙofa, a sa sarkin ƙofa ya tantance mai shiga da mai fita. Duk wani saƙo da ke yawo a intanet ana yayyanka shi ne zuwa ƙananan ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin inda ya fito da inda ya nufa. Ganuwar farko-farko adireshin kawai take dubawa, ta bari ko ta hana. Daga baya, musamman tun da kamfanin Check Point na Isra'ila ya fito da manhajarsa ta FireWall-1 a wajejen 1994, sai sarkin ƙofa ya fara riƙe rajista, yana rubuta wace kwamfuta ce ke magana da wace, da inda zancen ya kwana. Ta yau kuwa ba ta tsaya nan ba, sai ta kwance ƙunshin ta leƙa cikinsa, ta karanta, ta gwada shi da jerin miyagun saƙonnin da ta sani.

To a nan gizo ke saƙar. Duk wani ƙarin bincike da aka ɗora wa ganuwa ƙarin manhaja ne, manhaja kuwa ɗan Adam ne ya rubuta ta, da gajiyarsa da mantuwarsa. Kuma wannan ita ce manhaja ɗaya tilo da aka wajabta wa karanta saƙon kowane baƙo, komai munin kamarsa, kafin kowa a gidan ya gani. Idan aka aiko mata ƙunshin da tsawonsa ko tsarinsa ya saɓa wa abin da marubucinta ya yi tsammani, tana iya rikicewa ta faɗi. Idan kuma aka cika mata rajista da gaisuwar da ba a kammalawa, ko aka dame ta da irin saƙon da ke cin ƙarfin ƙwaƙwalwarta, sai ta kasa sauraron mutanen kirki. Abin da ya ƙara wa al'amarin nauyi shi ne, da gangan aka tsara mafi yawan waɗannan na'urori ta yadda idan sun faɗi ƙofa za ta kasance a rufe, don kada ɓarawo ya samu sarari. Hikima ce, ban musa ba. Amma sakamakonta shi ne duk wanda ya iya sumar da sarkin ƙofa ya kulle mutanen gari a ciki, ya bar baƙinsu a waje. Wannan shi ne harin hana aiki, wanda ba a satar komai a cikinsa, aiki kawai ake tsayarwa.

Mai karatu da ke bibiyar labaran fasaha zai ce ai wannan tsohon zance ne. A watan Fabrairu na 2000 wani yaro ɗan shekara 15 daga Montreal ta Kanada, mai laƙabin Mafiaboy, ya durƙusar da shafukan Yahoo da Amazon da eBay da CNN. A watan Oktoba na 2016 kuma muguwar manhajar Mirai ta tattara dubun-dubatar kyamarorin tsaro da makamantansu ta yi wa kamfanin Dyn ambaliya, har Twitter da wasu manyan shafuka suka gagara buɗuwa a sassan Amurka. Gaskiya ne, amma waɗancan hare-haren taron dangi ne, sai an haɗa runduna. Wanda nake magana a kai ba ya buƙatar runduna. Wata ɗaya kacal bayan na Dyn, masu binciken tsaro na kamfanin sadarwar Denmark, TDC, suka bayyana wata dabara da suka sa wa suna BlackNurse. Da wani ɗan ƙaramin saƙo da kwamfutoci suka saba aika wa juna don cewa ƙofa kaza ba ta buɗuwa, idan aka maimaita shi sau dubu 40 zuwa 50 a cikin daƙiƙa, wato megabit 15 zuwa 18 kawai, wasu ganuwoyin Cisco da na wasu kamfanoni sai su shaƙe. Kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya ta isa.

Sai dai a ganina babu labarin da ya fito da wannan matsala fili kamar na tsutsar Witty, kuma ina mamakin yadda aka manta da ita. Kamfanin ISS na birnin Atlanta, wanda IBM ya saye a 2006, yana da manhajojin tsaro biyu da suka yi tashe a zamaninsu, BlackICE da RealSecure. Cikin ayyukansu har da leƙa saƙonnin ICQ, wata manhajar hira da aka yi yayi kafin zuwan su WhatsApp. Masu bincike na kamfanin eEye suka gano cewa sashen da ke wannan leƙe yana da tsaga: idan aka ƙera saƙo ya yi kama da amsar ICQ, aka cusa masa abin da ya fi ƙarfin ma'ajin da aka tanadar, rarar za ta malala ta zama umarnin da kwamfutar za ta bi. Ranar 18 ga Maris na 2004 aka sanar da duniya, faci kuma yana nan ga mai so. Daren washegari tsutsar ta ɓulla.

Ba ta kai kilobayit ɗaya ba, ƙunshi guda ke ɗauke da ita. Da ta shiga kwamfuta sai ta aika kwafin kanta sau 20,000 zuwa adireshin da ta ga dama, sannan ta juya kan ma'adanar bayanan mai masaukinta ta zaɓi wani wuri da ka, ta rubuta shara ta kimanin kilobayit 65 a kai, ta koma ga aike, ta sake dawowa ga ɓarna, har sai kwamfutar ta mutu. Colleen Shannon da David Moore na cibiyar CAIDA da ke Jami'ar Kalifoniya a San Diego, waɗanda suka bi diddiginta, sun ƙiyasta cewa ta kama kwamfutoci kusan 12,000, kuma cikin minti 45 ta gama da mafi yawansu. A lura da wanda abin ya faɗa wa. Mutumin da bai taɓa damuwa da tsaro ba, bai sayi komai ba, Witty ba ta ko kalle shi ba. Wanda ya kashe kuɗinsa ya sayi garkuwa shi ne ya wayi gari da mushen kwamfuta. Kuma ba zan iya ɗora masa laifin sakaci ba, domin babu wata ma'aikata mai hankali da za ta iya gwada faci ta liƙa wa dukkan na'urorinta cikin kwana ɗaya.

Na sPower kuwa da sauran magana. Hukumar NERC mai sa ido kan ingancin babban layin wutar Amurka ta Arewa ta fitar da rahoto a watan Satumba na 2019, ba tare da ambaton sunan kamfanin ba, sai daga baya 'yan jaridar E&E News suka tono shi ta hanyar dokar 'yancin samun bayanai. Rahoton ya nuna lahanin sananne ne, facinsa ya riga ya fito kafin harin, ba a dai liƙa ba. Tsagar tana shafin da ake shiga don sarrafa na'urar, shafin kuma yana fuskantar intanet. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Haka aka sake gani a Denmark a watan Mayu na 2023, lokacin da aka kutsa wa kamfanonin makamashi 22 ta ganuwoyin Zyxel, alhali facin babbar tsagar da aka fara shiga ta cikinta ya fito tun 25 ga Afrilu. Wannan karon ba sumar da na'urar kawai aka yi ba, ƙwace ta aka yi, har wasu kamfanonin suka yanke kansu daga intanet don tsira. Abin da ya fi jan hankalina a rahoton cibiyar SektorCERT shi ne uzurorin da aka bayar. Wasu sun ɗauka tun da na'urar sabuwa ce, manhajar cikinta ma ta zamani ce. Wasu sun zaci ɗan kwangilar da ya kafa ta shi ke sabunta ta. Wasu sun ƙi biyan ladan mai liƙa facin, ko da yake facin kansa kyauta ne. Wasu kuma ba su ma san suna da na'urar ba. Wannan fa a Denmark ke nan, ƙasar da ake buga misali da ita wajen tsari.

Ban karanta waɗannan uzurori na ji su baƙi a kunnena ba. Na'urorin nan na Cisco da Fortinet da Palo Alto da sauransu su ne dai ake sayarwa a Legas da Abuja da Kano, su ke tsaye tsakanin intanet da uwar garken bankuna da jami'o'i da asibitoci da ma'aikatu. Lahanin da aka gano a Utah bai san iyakar ƙasa ba, kuma masu kutse ba sa zaɓe, manhajojinsu na bin adireshin duniya ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasawa. Mu kuwa an san halinmu da kasafin kuɗi: sayen sabon abu yana da kwangila da bikin ƙaddamarwa, kula da shi ba shi da ko ɗaya. Lasisin sabuntawa da dala ake biyansa shekara-shekara, kuma kowa ya san yadda naira ta koma tun tsakiyar 2023. Ga kuma tsofaffin na'urori na hannu da masu ƙera su suka daina fitar musu da faci gaba ɗaya. Babban Bankin Nijeriya ya gindaya wa bankuna ƙa'idojin tsaron intanet tun 2018, cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro kuma tana fitar da gargaɗi. Amma gargaɗi ba ya liƙa faci. Sai an samu wani ma'aikaci mai suna, mai albashi, wanda aikinsa ne ya karanta, kuma yana da ikon tsayar da sadarwar ofis ƙarfe biyu na dare ba tare da ya jira takarda ta zagaya tebur bakwai ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a da nake son shugabannin ma'aikatu su sauya, wato raina harin da ba a saci komai ba. Idan aka ce wa manaja ba a taɓa asusun kowa ba, sai ya yi hamdala ya rufe fayil. Ya manta da ɗan kasuwar da kuɗinsa suka maƙale yana tsaye gaban mai kaya, da majinyacin da aka kasa buɗe bayanansa, da ɗalibin da ranar rufe rajista ta wuce shi. Bayan haka, sumar da na'ura wani lokaci share fage ne. A watan Afrilu na 2024 Cisco ya bayyana wani kutse na leƙen asiri da ya kira ArcaneDoor, inda ɗaya daga tsagogin da aka yi amfani da su aikinta kawai tilasta wa ganuwa ta mutu ta sake tashi, domin a wajen tashin ne muguwar manhajar da aka dasa ke samun gindin zama.

Su ma kamfanonin da ke ƙera waɗannan kaya ba zan wanke su ba. A watan Disamba na 2024 Palo Alto ya amsa cewa ana amfani da wata tsaga a sashen ganuwarsa mai tantance tambayoyin adireshin shafuka: ƙunshi ɗaya ya isa ya sa ta sake tashi, idan aka maimaita kuma ta shige yanayin gyara ta zauna sai an zo an tashe ta. Maganin wucin gadi da aka ba wanda bai samu liƙa faci ba shi ne ya kashe rajistar wannan sashen. Shekara 20 bayan Witty, ciwon bai sauya ba, ƙarin tsaron da aka biya kuɗi aka saya shi ne mashigar.

Ba cewa nake yi a tumɓuke ganuwa ba, gidan da ba shi da ƙofa ya fi kowane shiga uku. Cewa nake a daina ɗaukarta kamar ƙarfen da aka kafa aka gama. A rufe shafin sarrafa ta daga idon intanet, a kashe duk sashen binciken da ba a buƙata, a san ranar da mai ƙera ta zai daina kula da ita tun kafin a sa hannu a kwangila. Rahoton NERC ya ƙunshi wani bayani da ya cancanci kowane mai tsara kasafi ya sani: a tashoshin da aka kafa ganuwa biyu-biyu, ɗaya na aiki ɗaya na jiran ko-ta-kwana, sadarwa ba ta yanke ba, domin duk lokacin da ta farko ta faɗi ta biyu ce ke riƙe ƙofa har ta farfaɗo. Ninka kuɗi ne, babu shakka, kuma tagwayen da suka fito daga kamfani ɗaya lahaninsu ɗaya ne, mai naci yana iya kayar da su duka. Amma a ranar 5 ga Maris ɗin nan, waɗannan tashoshin ne ba su ɓace daga allo ba.