Mallakar Faifan Asali da 'Yancin Mawaƙi: Nazarin Rayuwa da Ayyukan Imogen Heap

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin sana'ar Imogen Heap, mawaƙiyar ƙasar Ingila wadda ke rubuta waƙoƙinta, ta rera su, ta ɗauke su a faifai, ta kuma tace sautinsu da kanta. An duba kundayen waƙoƙinta daga 1998 zuwa 2014 da ayyukan da suka biyo baya, domin fayyace abin da ake nufi idan aka ce mawaƙi mai zaman kansa ne. Maƙalar ta gano cewa 'yancin wannan mawaƙiya ya ginu a kan abubuwa biyu, wato ƙwarewa a aikin situdiyo da riƙe haƙƙin mallakar faifan asali. Haka kuma an nuna cewa ba ta yanke hulɗa da manyan kamfanonin waƙa ba, sai dai ta sauya sharuɗɗan da hulɗar ke tafiya a kansu.

Fitilun Kalmomi: haƙƙin mallaka, faifan asali, furodusa, mawaƙi mai zaman kansa, lasisi

1.0 Gabatarwa

A masana'antar waƙar zamani ta ƙasashen Turai da Amurka, aikin fitar da waƙa ya daɗe a rarrabe tsakanin mutane da yawa. Akwai marubucin waƙa, da mai rerawa, da makaɗa, da furodusa mai tsara yadda waƙar za ta kasance, da injiniyan sauti mai ɗauka da tacewa. A saman su duka akwai kamfanin da ke zuba kuɗi, wanda kuma galibi shi ke mallakar abin da aka ɗauka. Shigowar kwamfuta cikin aikin ɗaukar sauti ta ba wa mutum ɗaya damar haɗa waɗannan ayyuka a cikin ɗaki guda. Imogen Heap na daga cikin waɗanda suka fara cin gajiyar wannan dama har suka yi suna a duniya, shi ya sa tarihinta ya dace a yi amfani da shi wajen amsa tambayar da wannan maƙala ta ɗauko: me ke sa mawaƙi ya zama mai zaman kansa, kuma mene ne farashin hakan?

2.0 Haƙƙoƙi Biyu a Cikin Waƙa Ɗaya

Kafin a shiga tarihin mawaƙiyar, wajibi ne a bambance haƙƙoƙi biyu da doka ta tanada a kan kowace waƙa da aka ɗauka. Na farko shi ne haƙƙin ƙirƙira, wanda ya ƙunshi baitoci da karin waƙar, kuma na marubucin ne. Na biyu shi ne haƙƙin sautin da aka ɗauka, wato faifan asali wanda daga gare shi ake kwafar duk abin da zai shiga kasuwa. A ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Birtaniya ta 1988, faifan asali na wanda ya ɗauki nauyin shirya ɗaukar ne. Haƙƙin ƙirƙira yana ɗorewa tsawon rayuwar marubuci da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, shi kuwa na faifai a yanzu shekara 70 ne daga lokacin da aka fitar da shi.

A kwantiragin da aka saba yi, kamfani kan ba mawaƙi kafin alƙalami, ya biya kuɗin situdiyo da na talla, sannan ya riƙe faifan asali. Mawaƙi ba zai fara karɓar kasonsa na ciniki ba sai kamfani ya gama cire abin da ya kashe daga cikin wannan kason. Ko bayan an gama cirewa, faifan yana nan a hannun kamfani. Saboda haka idan mai shirya fim ko mai talla yana son amfani da waƙar, ƙofar kamfani zai fara ƙwanƙwasawa.

3.0 Shekarun Kwantiragi (1998 zuwa 2003)

An haifi Imogen Heap ranar 9 ga Disamba, 1977, a yankin Havering da ke gabashin Landan. Tun tana ƙarama ta koyi fiyano da wasu kayan kiɗan gargajiyar Turai, sannan a makarantar kwana ta koya wa kanta tsara kiɗa a kan kwamfutar Atari. Daga baya ta shiga makarantar BRIT da ke Croydon, wadda ke horar da matasa a fannin waƙa da wasan kwaikwayo.

Tana da shekara 18 ta sanya hannu a kwantiragi da kamfanin Almo Sounds, wanda Herb Alpert da Jerry Moss suka kafa. A nan ta fitar da kundinta na farko mai suna iMegaphone a 1998, sunan da aka samar ta hanyar jujjuya haruffan sunanta. Ba a jima ba kamfanin ya durƙushe, ta wayi gari ba ta da mai ɗaukar nauyinta. Daga nan ta haɗa gwiwa da furodusa Guy Sigsworth suka kafa ƙungiyar mutum biyu mai suna Frou Frou, suka fitar da kundin Details a 2002 ƙarƙashin kamfanin Island. Kundin bai yi kasuwa ba a lokacin, kamfanin kuma bai amince da yin na biyu ba. An yi mata tayin ci gaba da zama a kamfanin ita kaɗai, ta ƙi.

Abin lura shi ne, a 2004, bayan ƙungiyar ta daina aiki, waƙarsu "Let Go" ta fito a fim ɗin Garden State na Zach Braff, ta kuma samu karɓuwa sosai a Amurka. Wannan ya nuna cewa waƙa na iya yin daraja shekaru bayan kamfani ya yanke ƙauna daga gare ta, kuma a lokacin mai riƙe da faifan ne zai fi kowa amfana.

4.0 Speak for Yourself: Gida a Jingine, Faifai a Hannu

Bayan waɗannan darussa biyu, Heap ta yanke shawarar yin kundi na gaba da kuɗinta. Ta jinginar da gidanta na Landan ta karɓi bashi, ta sayi kayan aiki, ta kuma ɗibar wa kanta wa'adin shekara ɗaya ta hanyar kama ranar tacewar ƙarshe tun kafin ta fara. Ita ce ta rubuta waƙoƙin, ta tsara kiɗan, ta ɗauka, ta haɗa sautin. Kundin Speak for Yourself ya fito a Birtaniya a watan Yulin 2005 ƙarƙashin kamfaninta mai suna Megaphonic.

Da kundin ya fara jan hankali, sai ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin RCA domin fitar da shi a Amurka. A nan ne bambancin lasisi da sayarwa yake bayyana. A tsarin lasisi, mai faifai kan ba kamfani izinin bugawa da rarrabawa a wasu ƙasashe na wani ƙayyadadden lokaci, a raba riba, asalin mallakar kuwa ba ta barin hannunsa. Kamar mai gona ne da ya ba da haya: ana nomawa ana ba shi kasonsa, gona kuma tasa ce. Heap ta iya shiga irin wannan yarjejeniya ne saboda ta je wurin kamfanin da kammalallen aiki wanda ba a kashe masa ko sisin kamfani ba.

4.1 Waƙar "Hide and Seek"

Waƙar da ta fi fito da ita daga wannan kundi ita ce "Hide and Seek". Babu ganga ko jita a cikinta. Murya ce kawai da aka bi da ita ta cikin wata na'urar ninka murya ta kamfanin DigiTech, wadda aka haɗa da allon fiyano na lantarki. Idan mawaƙiyar ta rera kalma tana danne da maɓallai huɗu, na'urar za ta kwafi muryar ta fitar da ita a kan amo huɗun da aka danna a lokaci guda. Ta haka mutum ɗaya yake zama jagoran waƙa kuma 'yan amshin kansa. Kamar yadda ita kanta ta sha bayyanawa, waƙar ta samo asali ne a wani dare da kwamfutarta ta lalace, ta koma ga wannan na'ura don kada daren ya tafi a banza.

An sanya waƙar a kashi na ƙarshe na zango na biyu na shirin talabijin The O.C. a 2005, abin da ya kai ta kunnen miliyoyin masu kallo. A 2007 shirin barkwanci na Saturday Night Live ya yi amfani da ita. A 2009 kuma Jason Derulo ya yanko wani sashe nata ya gina waƙarsa "Whatcha Say", wadda ta kai matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka, aka kuma rubuta sunan Heap cikin marubutanta. Kowane irin wannan amfani yana buƙatar izini da biyan kuɗi, don haka waƙa ɗaya ta zama jarin da ya riƙa ciyar da ayyukan da suka biyo baya.

5.0 Ellipse da Sparks

Domin kundi na uku, ta koma gidan da ta tashi a ƙauyen Havering-atte-Bower, ta mayar da ɗakin ƙasa situdiyo. Gidan yana da siffar ƙwai, daga nan aka samo sunan kundin, Ellipse, wanda ya fito a watan Agustan 2009 ya kuma kai matsayi na 5 a jadawalin kundaye na Billboard. Yayin aikin, ta riƙa sanar da masoyanta halin da ake ciki ta gajerun bidiyo a YouTube da saƙonni a Twitter, a lokacin da mawaƙa ƙalilan ne ke yin haka. A 2010 kundin ya ci lambar yabo ta Grammy a rukunin aikin injiniyan sauti, rukunin da mata ƙalilan suka taɓa lashewa. Muhimmancin wannan lamba shi ne, ƙwararrun masana'antar sun shaida cewa aikin da ta yi a gida ya kai na manyan situdiyoyi.

Kundin Sparks na 2014 ya bi wata hanya dabam. An yi waƙoƙinsa ɗaya bayan ɗaya tun daga 2011, kowace da nata tsarin. An gina "Lifeline" daga guntayen sautuka da masoya suka turo ta intanet. An yi "Xizi She Knows" a birnin Hangzhou na ƙasar Sin, "Minds Without Fear" kuma tare da Vishal da Shekhar, masu tsara kiɗan finafinan Indiya. Da wuya kamfanin da ke jiran riba kowane ƙarshen shekara ya lamunci irin wannan tafiyar hawainiya.

6.0 Gwaje-gwajen Fasaha

Heap ta faɗaɗa aikinta zuwa ƙera kayan aiki. Tare da Tom Mitchell na Jami'ar Yammacin Ingila da ke Bristol da wasu masana, ta ƙirƙiro safar hannu mai suna Mi.Mu, wadda aka fara nunawa a taron TEDGlobal na Edinburgh a 2011. Safar na ɗauke da na'urori masu auna lanƙwasar yatsu da motsin hannu, su aika wa kwamfuta, ta yadda mawaƙi zai iya ɗaukar murya ko sauya amonta ba tare da ya sunkuya kan na'ura ba. Ariana Grande ta yi amfani da ita a rangadinta na 2015.

A shekarar ce kuma Heap ta fitar da waƙar "Tiny Human" ta dandalin Ujo Music, bisa fasahar bulokcen ta Ethereum, inda aka tsara kuɗin kowane mai saye ya rabu kai tsaye tsakanin waɗanda suka yi aikin. Cinikin da aka yi kaɗan ne ƙwarai, domin sai mai saye ya mallaki kuɗin intanet na Ether, abin da mutane ƙalilan suka iya a lokacin. Duk da haka, gwajin da shirinta na Mycelia sun fito da wata matsala ta haƙiƙa, wato rashin ingantaccen rumbun bayanai da ke nuna wa ya yi me a kowace waƙa, wanda ke sa kuɗin mawaƙa su maƙale a hanya.

7.0 Iyakokin Wannan 'Yanci

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa kowane mawaƙi zai iya bin wannan tafarki. Heap ta shiga zaman kanta tana da gida a Landan da banki zai karɓa jingina, da horon kiɗa tun yarinta, da kuma masoyan da ta samu a zamanin Frou Frou, wanda kamfani ne ya ɗauki nauyinsa. Rarraba kundayenta a Amurka ya bi ta hannun RCA, reshen Sony. Haka nan haɗa ayyukan mutum biyar a hannu ɗaya yana cin lokaci: shekara huɗu tsakanin kundi na biyu da na uku, shekara biyar tsakanin na uku da na huɗu. Wasu daga manyan ayyukanta ma na wasu ne, kamar kiɗan wasan dandamali na Harry Potter and the Cursed Child a 2016, da waƙar "Clean" da ta rubuta ta kuma tsara tare da Taylor Swift a kundin 1989.

Labarin Swift ɗin yana ƙara haska batun. A 2019 aka sayar da kamfanin Big Machine tare da faifan asalin kundayenta shida na farko ba da son ranta ba. Da yake haƙƙin ƙirƙira na hannunta, sai ta shiga sake ɗaukar kundayen, Heap kuma ta sake yin aikin "Clean" a sabon 1989 na 2023. Sai a 2025 Swift ta sayo tsofaffin faifan. Abin da ɗaya daga manyan mawaƙan duniya ta shafe shekara shida tana nema shi ne abin da Heap ta tanadar wa kanta tun 2005 da kuɗin jingina.

8.0 Kammalawa

Wannan nazari ya nuna cewa ma'aunin zaman kai a sana'ar waƙa shi ne wanda ya biya kuɗin ɗauka, da wanda ya iya aikin, da wanda faifan asali yake hannunsa bayan an gama. Heap ta haɗa ukun, ta kuma ci gaba da amfani da manyan kamfanoni a inda take buƙatarsu, wato rarrabawa da talla. Ribar hakan tana zuwa ne a hankali. A ƙarshen 2024 waƙar "Headlock" ta kundin 2005 ta yaɗu a TikTok, a farkon 2025 kuma ta shiga jerin waƙoƙi 100 na Billboard, kusan shekara 20 bayan fitowarta. Ana ba masu nazarin waƙar zamani shawarar su riƙa haɗa nazarin jigo da salo da binciken kwantiragi da mallaka, domin sau da yawa a can ake gane dalilin da ya sa waƙa ta fito a siffar da ta fito, da kuma wanda ke cin moriyarta idan ta daɗe a kunnen jama'a.