Kuɗin Aiki a Ƙasar Kankiya da Kusada

Idan likita ya ce sai an yi aiki, majinyaci ba ya tambayar yaushe, nawa ne yake tambaya. Zai fito da 'yar takarda a hannu, an jera masa kuɗin ɗakin tiyata, ledar jini, ƙarin ruwa da allurai, ya samu inuwa a harabar asibiti ya zauna yana lissafi. In ciwon ya fi ƙarfin babban asibitin Kankiya, sai a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano. Garin Kankiya yana kan titin Kano zuwa Katsina, motar ba wuyar samu take ba. Kuɗin shiga cikinta da na zaman jinya su ne aiki.

Tara kuɗin kuwa hawa-hawa ne. Rumbu ake fara taɓawa, a auni gero ko wake a kai kasuwa ko da farashi ya faɗi. Sai akuyar uwargida, wadda ta yi shekara tana kiwo don auren 'yarta, a kora ta kasuwar Caranci. Daga nan a bi dangi gida-gida. Bayan sallar Magariba liman ya ce jama'a a ɗan dakata, ɗan'uwanmu wane yana kwance, a taimaka fi sabilillahi. Mata su ɗaga masa kwasar adashi tun layi bai zo kansa ba. In duk wannan bai cika ba, a jinginar da gona.

Yanzu an samu ƙarin hawa guda, wato waya. Wani matashi zai ɗauki hoton marar lafiya da takardar asibiti, ya haɗa da lambar asusu, ya tura zauren WhatsApp na 'yan gari. Mai sayar da hula a Legas ya turo dubu biyu, ma'aikaci a Abuja ya turo ashirin, alat na shigowa ana sanarwa, mai POS na bakin tasha yana ƙirgo kuɗin. A Kano, marubuciya Fauziyya D. Sulaiman ta yi shekaru tana irin wannan neman taimako a Facebook har sunanta ya zagaye Arewa. A Amurka ma akwai gidauniyar Watsi, mai haɗa masu bayarwa da marasa lafiyar ƙasashe matalauta ta intanet. Buƙatar ba ƙarama ba ce: a 2015 kwamitin mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 a duniya ba sa iya samun tiyata mai inganci da araha, kuma a Najeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya daga aljihun mutane yake fita.

Rayuka da yawa sun tsira ta wannan hanya, ba na shakka. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wayar tana zaɓe. Yaro mai ƙari a fuska, wanda ganin hotonsa ke sa hawaye, kuɗinsa kan haɗu da wuri. Dattijon da gwaiwa ta hana shi riƙe fartanya fa? Ba zai yarda a ɗauki hotonsa ba, kuma da gaskiyarsa. Matar da doguwar naƙuda ta bar ta da yoyon fitsari ta gwammace ta kulle kanta a ɗaki da duniya ta ji. Ita wannan ma, aikinta kyauta ne a asibitin Babbar Ruga, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinke matsalar tun 1984. Abin da ke tsakaninta da waraka bai wuce kuɗin mota da wanda zai raka ta ba, amma babu mai buɗe gidauniya don kuɗin mota. Haka nan mutumin rugar da ba shi da ɗa mai babbar waya, ko wanda ba a san shi a zauren 'yan gari ba. Ga kuma 'yan damfara masu yawo da hoton wanda ya daɗe da rasuwa, suna sa masu niyyar alheri su janye hannu.

A takarda akwai mafita. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa shiga tsarin, jihar Katsina tana da tata hukumar taimakekeniyar lafiya, kuma a ƙarshen 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da haihuwa ta hanyar aiki kyauta ga mata marasa ƙarfi. Sai dai manomi bai cika jin labarin katin inshora ba sai ranar da yake tsaye gaban mai karɓar kuɗi.

In Allah ya sa aka yi aiki lafiya, za a tura hoton sallama a zaure, a yi ta Alhamdulillahi, a rufe asusu. Gonar kuwa tana hannun wanda aka jinginar wa, damina na tafe, likita kuma ya ce kada a ɗaga abu mai nauyi sai bayan wata uku.