Na'urar da ke raba sanyi a manyan gidaje

Duk wanda ya taɓa shiga ɗaya daga cikin manyan gidajen Yamai a tsakiyar watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya san daɗin iskar da ke tarbar mutum tun daga bakin ƙofa. Sai dai kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar inda iskar nan take fitowa, da wanda yake auna ta. A ƙaramin biro, kilimatizer guda ce a jikin bango, mai biro ya kunna, ya kashe. Amma a babban otel ko asibiti ko banki mai hawa da yawa, aikin yana hannun wani ƙaton akwatin ƙarfe da ake ajiyewa bisa rufi ko a ɗakin injuna. Shi ne huhun gidan.

Ga yadda yake aiki. Yana jawo iskar waje, ya gauraya ta da wani kaso na iskar da ta dawo daga ɗakuna. Daga nan sai ta bi ta matata mai tsare ƙura, ta ratsa tsakanin wasu siraran bututu da ruwa mai sanyin kusan digiri 7 ke gudana a ciki. Nan take yin sanyi, ta kuma rage laima, sannan wata babbar fanka ta tura ta zuwa kowane ɗaki. A ƙasashen ƙanƙara, ruwan zafi ake sakewa cikin wasu bututun idan ɗari ya shigo.

Malamin da ya gaji da jiran mai gadi

A da, mutum ne yake buɗewa da rufewa da hannu. A garin Whitewater na jihar Wiskonsin, a Amurka, an yi wani malamin makarantar horon malamai mai suna Warren Johnson. Idan aji ya cika zafi ko sanyi, sai an jira mai kula da gida ya kewayo, sannan ya sauka ya gyara ƙofofin iskar tanderu. Abin ya ishi malamin, sai ya ƙera ma'aunin da ke buga ƙararrawa da kansa, aka ba shi takardar mallakar wannan fasaha a 1883. A 1902 kuma, injiniya Willis Carrier ya tsara injin da ke daidaita laimar iska domin wata maɗaba'a a Buruklin, inda danshi ke ɓata takarda. Tsadar man fetur ta 1973 ta tilasta wa masu manyan gidaje lissafin kowane kilowat, kuma a shekarun da suka biyo baya aka danƙa aikin ga na'ura mai ƙwaƙwalwa.

Yau ƴan ƙananan ma'aunai ne idanun wannan na'ura. Wani yana auna zafin ɗaki, wani laima, wani kuma yawan iskar da mutane suka fesar daga numfashi. Ana gaya wa na'urar zafin da ake so, a ce digiri 25. Idan ɗaki ya haura haka, sai ta ƙara buɗe maƙullin ruwan sanyi. Idan ya sauka, ta rage. Idan zauren taro ya cika maƙil, ta ƙara shigo da iskar waje, don kada jama'a su kama gyangyaɗi da ciwon kai. An tashi daga aiki, ta rage gudu ko ta tsaya. In ta ji hayaƙi cikin bututu, ta tsai da fanka don kada ya bazu.

Babbar ribar tana wajen gudun fanka. Idan aka rage gudunta da kashi 20 cikin 100, kuran ɗin da take ci yana raguwa kusan da rabi. Idan aka mai da gudun rabi, kusan kashi ɗaya cikin takwas kawai take ci. Ashe gidan da injinsa ke gudu da iyakacin ƙarfi dare da rana, ko da mutane ko babu, kuɗi yake ƙonawa.

Abin da ya shafe mu

Wannan lissafi ba na Turawa kaɗai ba ne. Tun 1976 ake jawo wa Yamai kuran daga Nijeriya ta layin Birnin Kabi, kuma a watan Agusta na 2023, da layin ya tsaya, kowa ya ga darajar kilowat guda. Kuran ɗin da biro maras kowa ya sha cikin dare, shi ne wanda wata unguwa ko ɗakin haihuwa ya rasa.

Yanayinmu ma yana da tasa kyauta. A watannin Disamba da Janairu, iskar asuba a Damagaram ko Tawa ta fi ta cikin ɗaki sanyi. Na'urar da aka tsara da kyau takan gane haka, ta buɗe ƙofar iskar waje, ta bar injin sanyaya ruwa ya huta. Sai dai hunturu da ƙura yake tafe. Matata takan toshe da wuri, fanka ta yi ta wahala, iska ta ragu. Akwai ma'aunin da ke nuna haka ta bambancin ƙarfin iska gaba da bayan matata. Amma na'ura gargaɗi kawai take yi, ba ta wanke matata.

Nan ne laifinmu yake. Na taɓa shiga wani biro inda ma'aikata ke sanye da rigar sanyi cikin bazara, taga kuma a buɗe. Da aka bincika, ashe an jingina firji kusa da ma'aunin zafi. Na'ura tana jin ɗumi, tana ta ƙaro sanyi. Ba ta yi kuskure ba, ƙarya aka yi mata.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ma'aikatu da su lura da abu uku. A bar ma'auni a digiri 24 zuwa 26, domin sanyi ba alamar girma ba ne. A ware kuɗin matata da na gwajin ma'aunai cikin kasafin kowace shekara. A kuma horar da ƴan ƙasa su san sirrin na'urar tun ranar da aka kafa ta, kada mai kafawa ya koma ƙasarsa da makullin ilmin. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.