Idan Za A Ari Labarin Soyayya, A Are Shi Da Kyau

A shekarar 1813 wata Baturiyar Ingila mai suna Jane Austen ta fitar da littafinta Pride and Prejudice. Labarin wani magidanci ne mai 'ya'ya biyar, dukkansu mata, ga shi kuma ƙa'idar gadon gidansu ta ce ranar da ya faɗi ya mutu, wani ɗan'uwansa namiji na nesa ne zai gaje gida da gonaki. Shi ya sa uwar yaran ba ta da sukuni, so take kowacce ta samu miji mai abin hannu kafin ƙasa ta rufe idon ubansu. Soyayyar Elizabeth, ɗaya daga cikin 'yan matan, da saurayinta Darcy, wadda ta faro da raini da jin kai, a kan wannan fargabar aka gina ta.

Bayan shekara fiye da 200, a 2019, Soniah Kamal, 'yar asalin Pakistan mazauniyar Amurka, ta ɗauko labarin ta kai shi ƙasarsu, ta raɗa masa Unmarriageable. Elizabeth ta koma Alys Binat, malamar adabin Turanci a makarantar 'yan mata a wani ƙagaggen gari, Dilipabad. Kafin nan, Laaleen Sukhera ta tattara gajerun labaran wasu matan Pakistan a kundin Austenistan, kowanne ya samo tushe daga littattafan Austen. An ma riga su da fim ɗin Bride and Prejudice a 2004, wanda ya kai labarin maƙwabciyarsu Indiya.

Abin lura a aikin Kamal ba canza sunaye ba ne, wannan kowa zai iya. A Musulunci 'ya mace tana da kasonta na gado, saboda haka matsalar da Austen ta ɗora labarinta a kai ba za ta zauna daram a gidan Musulmin Pakistan ba. Sai Kamal ta nemo wata masifar da mutanenta suka sani: ɗan'uwan mahaifin ya damfare shi, arziki ya kama gabansa, surutun mutane ya biyo baya, 'yan matan suka zama abin gudu a wajen masu neman aure. Fargabar uwar tana nan yadda take, amma dalilinta ya zama na gida. A ganina nan ne ake rabe gwani da mai wankiya, irin wadda aka daɗe ana zargin wasu finafinan Kannywood da yi wa na Indiya.

Mu ma aron labari ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abubakar Imam, lokacin da ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya a shekarun 1930, ya ɗebo daga Dare Dubu Da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na wasu wurare, ya Hausantar da su har ɗan makaranta ya rantse a ƙauyensu abin ya faru. Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da wani wasan Shakespeare zuwa Daren Sha Biyu. A fagen soyayya kuwa muna da namu tsofaffin: Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, inda mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwarsa, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid da ya fito a 1980. Daga nan guguwar Kano ta taso da su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa. Masana sun yi ta muhawara a jaridu kan ko wannan adabi ne ko kayan kasuwa, masu karatu kuma ba su fasa saye ba. Har ma aron ya juya: a 2012 kamfanin Blaft da ke Chennai a Indiya ya buga fassarar Turanci ta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba.

To ina Kudancin Kaduna a cikin wannan duka? Ka ɗauki littattafan soyayya na Hausa, na takarda ko waɗanda ake turawa ta WhatsApp da Wattpad, akasarinsu a manyan gidajen Kano da Abuja da cikin garin Kaduna suke faruwa. Da wuya ka ci karo da wanda jarumarsa 'yar manomin citta ce daga Kwoi ko Kachia. Alhali yankin nan da Hausa yake ciniki, da ita ake wa'azi a coci da masallaci, da ita Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da Fulani suke gaisawa in sun haɗu a kasuwa.

Kuma kayan labarin ga su nan a zube. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya tun da ya zama mahaɗar dogo a 1927, ya tara Ibo da Yarbawa da Hausawa da 'yan ƙasa a unguwanni maƙwabta. A al'adun ƙabilu da dama na yankin gona ta hannun 'ya'ya maza take bi. Ashe ke nan uba mai 'ya'ya mata biyar ba namiji, da uwar da ke tsoron ranar da dangin miji za su zo su karɓe gona, sun fi dacewa da ƙauyukan nan fiye da Pakistan ɗin ma. Wurin haɗuwar saurayi da budurwa ba sai an ƙago ba, ga bikin Afan na Kagoro ranar ɗaya ga Janairu, lokacin da 'yan birni ke dawowa gida da motoci da girman kai. Ga batun kuɗin aure, ga gorin "ba yarenmu ba ne". Ga kuma babban ƙulli, soyayya tsakanin Musulmi da Kirista a Kafanchan, garin da bai manta rikicin addini na 1987 ba. Wannan sai marubuci mai adalci, wanda ba zai mai da ɓangare ɗaya mala'iku ɗayan shaiɗanu ba.

Sai dai in za a ara, a faɗi inda aka aro. Littattafan Austen sun daɗe da zama na kowa a doka, amma labarin marubucin da ke raye, ko daga Lahore yake ko daga Kano, yana da haƙƙin mallaka, kuma ɗauka ba izini sata ce.

'Yan matan Kafanchan da Zonkwa da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ku da kuke karanta na wasu a waya, ku rubuta naku da Hausar da kuke yi a gida, ba sai kun kwaikwayi bakin Kanawa ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta, ba ta tambayar ƙabila ko addini.