Daga Yindiski Zuwa Bakin Teku: Shirin Tafiya Badagiri

Mu ɗauka kana da wa a unguwar Yindiski da ke garin Potiskum. Shi da matarsa sun yi shekara biyu suna tara kuɗi don su je su ga teku da idonsu, kuma babu wanda ya taɓa wuce Kano a cikinsu. Ran nan sai suka kira ka, suka ce tun da kai ne kake karanta tarihi da labarin ƙasa a makaranta, ka taimaka musu da shiri. Ta ina za ka fara? Kada ka ɗauki wannan tambaya da wasa. Kuɗin da aka tara cikin shekara biyu yana iya ƙarewa cikin kwana uku a garin da ba ka san kowa ba. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane, wato tun farkon aiki ake yi masa tsari.

Abu na farko shi ne zaɓen wuri. Afirka ta Yamma tana da tsofaffin garuruwa da yawa a gaɓar teku, wato a bakinta. Akwai Elmina a ƙasar Gana, inda Turawan Fotugal suka gina ganuwa a shekarar 1482. Akwai Gore kusa da birnin Dakar a Senegal, wanda tsibiri ne, wato ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza kafin ya shiga waɗannan ƙasashe, domin duk suna cikin ƙungiyar ECOWAS, amma sai ya nemi fasfo da katin rigakafin cutar shawara, ya kuma canza kuɗinsa. Wannan ɗawainiya ta yi yawa ga masu fita ta farko. Shawarata ita ce su je Badagiri a jihar Legas. Gari ne na mutanen Ogu da Yarbawa, yana kusa da iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, yana kuma da tsibirinsa mai suna Gberefu. Katin shaidar ɗan ƙasa ya ishe su.

Akwai wani dalili da ya fi wannan ƙarfi. Tarihin Badagiri ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. A watan Disamba na 1825 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya tashi daga wannan gari zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Sai da ya shafe wata bakwai kafin ya isa Kano, daga nan ya wuce Sakkwato, a can kuma ya mutu a watan Afrilu na 1827. Amma kafin shi da bayansa, dubban mutane sun bi irin wannan hanya daga arewa zuwa kudu a ɗaure. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun jefa Hausawa da maƙwabtansu da yawa cikin bauta. Fatake suka riƙa sayar da su hannu zuwa hannu har bakin teku, aka zuba su a jiragen ruwa daga Legas da Badagiri da Wida zuwa ƙasar Birazil. A lardin Bahiya na can, bayi Hausawa ne suka shirya tawaye a 1807, suka kuma shiga babban tawayen Musulmi na 1835 a birnin Salbado. Saboda haka mutumin arewa da ya tsaya a gaɓar Badagiri yana tsaye ne a inda wasu 'yan'uwansa suka yi wa ƙasar nan kallon ƙarshe. Ka gaya wa wanka da matarsa wannan tun suna gida. Wanda ya tafi da zaton shaƙatawa zalla zai iske abin da zai sosa masa rai, gara ya tafi da shirinsa.

Sai maganar lokaci. Daminar Legas ba irin ta Yobe ba ce. Ruwa yana sauka tun daga watan Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, sa'an nan ya dawo a Satumba da Oktoba. Shiga kwale-kwale cikin hadari ba dabara ba ce. Ƙarshen Disamba kuwa gari ya cika da masu bukukuwa, kuɗin mota da na masauki duk sun tashi. Haka ma kwanakin Salla. Watan Nuwamba ko Fabrairu sun fi dacewa. Wanda zai hau jirgin sama ya tuna cewa ƙurar hunturu takan sa a jinkirta tashin jirage daga Kano.

Hanyar kanta hawa uku ce. Daga Potiskum za su bi titin Maiduguri zuwa Kano ta garin Azare, tafiyar kimanin kilomita 300. Daga Kano zuwa Legas akwai zaɓi biyu. Jirgin sama daga filin Malam Aminu Kano yana yin awa ɗaya da rabi, sai dai yana cin kuɗi. Babbar mota ta fi araha, amma tafiyar ta kai kilomita 1,000, kuma sau da yawa a hanya ake kwana. A ganina, idan aljihu zai ɗauka, su tafi ta sama su dawo ta ƙasa, don su isa da sauran ƙarfinsu. Hawa na uku shi ne daga Legas zuwa Badagiri, kimanin kilomita 60 zuwa yamma. A taswira gajeriyar tafiya ce, amma cunkoson motoci yana iya mayar da ita rabin yini, don haka su yi sammako. A kan wannan titi za su wuce unguwar Alaba Rago, wadda 'yan arewa suka yi suna a kasuwarta a da. Ka lura da kalmar "rago" a sunan. Mutumin Potiskum ba zai rasa wanda ya sani ba a irin wannan wuri, domin manyan motocin da ke ɗaukar shanu daga kasuwar garinsu ba sa rabuwa da hanyar Legas. Tun kafin su tashi, wanka ya nemi lambar wayar mutum ɗaya amintacce da ke zaune a can.

Yanzu mu zo kan kuɗi, inda yawanci ake samun saɓani tsakanin miji da mata. Ba zan ba ka farashi ba, domin farashin yau ba shi ne na gobe ba. Abin da ba ya canzawa shi ne tsarin kasafi. Su zauna su biyu, su raba abin da suka tara: na mota, na masauki, na abinci, na shiga gidajen tarihi da kwale-kwale da ladan ja-gora, sai na tsaraba. Kuɗin komawa gida a ware shi daban, kada a taɓa shi ko da me. A kuma ajiye wani abu don larura, kamar rashin lafiya ko ƙarin kwana. Na ce su biyu, kuma da gangan na faɗa. Sau da yawa maigida yakan yanke komai shi kaɗai, sai an isa ya tarar uwargida ba ta son shiga ruwa, ko kuwa kasuwa take son gani shi yana jan ta gidan tarihi na uku. A tambaye ta tun yanzu. A kuma daidaita wanda zai riƙe yara, a sanar da iyaye, a nemi izini a wurin aiki.

Kayan tafiya ba sa bukatar dogon bayani. Iskar bakin teku tana da laima, gumi ba ya bushewa da wuri, wanki ma haka, don haka tufafi marasa nauyi sun fi. Su ɗauki gidan sauro, da takalmin da zai jure rairayi, da guzuri irin su kilishi da dambun nama, ko da abincin can bai karɓe su ba a ranar farko. Masauki kuwa a kama shi ta waya kafin a tashi, a tambayi ruwa da wuta da nisansa daga bakin tafki.

Kwana biyu sun isa a ga Badagiri a natse. Ranar farko ta cikin gari ce, kuma yawancin wuraren suna kusa da juna a bakin ruwa. Akwai gidan adana kayan tarihi da ke cikin tsohon ofishin Turawan mulki na 1863. Akwai gidan tarihin iyalin Mobee, inda ake nuna mari da sasari, wato ƙarafan da ake ɗaure bayi da su a ƙafa da wuya. Akwai gidan Seriki Williams Abass mai ƙananan ɗakuna masu duhu inda ake tsare mutane kafin jirgi ya zo. Shi kansa Abass an taɓa bautar da shi, daga baya ya zama mai cinikin bayi, ya kuma riƙe sarautar "Seriki Musulumi". Kai da kake koyon Hausa ka ji asalin wannan laƙabi, daga "Sarkin Musulmi" aka aro shi. Labarinsa yana nuna cewa ba Turawa kaɗai suka yi wannan ciniki ba, da hannun 'yan ƙasa a ciki, daga bakin teku har cikin arewa. Sa'an nan akwai benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya. A nan ina da ja. Na farko ne a irin ginin Turawa, amma magina a Kano da Katsina sun san ɗora soro a kan soro tun kafin wannan shekara.

Rana ta biyu ta tsibiri ce. Tsakanin gari da Gberefu akwai tafki mai faɗi da ake hayewa da kwale-kwale mai inji cikin 'yan mintoci. Kada su shiga sai an ba kowannensu rigar hana nutsewa, kada kuma su shiga wanda aka cika maƙil. A yi cinikin zuwa da dawowa tun a gaɓa. Bayan sun haye za su taka da ƙafa cikin rairayi da itatuwan kwakwa, a kan turbar da aka riƙa kora bayi. A hanya akwai wata rijiya da masu ja-gora ke cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta da gida. A ƙarshen turbar ne za su fara jin rurin teku kafin su gan ta. Wurin ana kiransa inda ba a dawowa. Ka ja musu kunne a kan abu ɗaya: teku ba gulbi ba ce. Igiyar ruwan Atilantika takan ja mutum ciki ko da ya iya iyo. Su tsaya inda ruwa ke taɓa idon sawu, hoton da za su ɗauka daga nan ma ya wadatar.

Idan kuɗi da ƙarfi sun rage, su ƙara kwana ɗaya a tsibirin Legas, wato tsohon garin Eko. A can akwai masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, mai fasalin ginin Birazil, da gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka kafa a 1957. Idan ba su rage ba, su kama hanyar gida, Eko na nan wata rana.

Yanzu ɗauki takarda ka ja layi bakwai, kowane layi kwana ɗaya, daga ranar tashi daga Yindiski zuwa ranar dawowa. A gaban kowace rana rubuta garin da za su kwana, da abin hawan da za su shiga, da abin da za su gani. Rubuta shi da Hausa, ka karanta wa abokin zamanka, ka ji ko zai gano wata rana da ka cusa wa abin da ya fi ƙarfinta.