Murjani Mai Rai: Me Ke Sa Ya Yi Fari a Cikin Tanki?

Daga unguwar Shahuci zuwa kasuwar Kurmi a Kano tafiyar ƙafa ce, kuma a rumfunan 'yan koli na wannan kasuwa, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, mata sun daɗe suna sayen murjani. Fatake ne suka riƙa keto Sahara da shi daga Tarabulus, bayan an ciro shi daga ƙarƙashin Bahar Rum. Har gobe garin Torre del Greco da ke kusa da Naples a Italiya ya yi suna wajen sassaƙa shi. Amaryar da ta ɗaura shi a wuya ba lallai ta san cewa ƙashin dabba ta ɗaura ba, in dai na gaske ne, don na roba da na gilashi sun cika kasuwa yanzu.

Murjani tarin ƙananan halittu ne, kowace da bakinta da 'yan hannuwa kewaye da shi. Suna zama dubbai wuri guda, suna tsotsar sinadarin kalsiyam daga ruwan teku suna gina gidansu. Mahajjatan da suka bi ta Sudan da ƙafa a da sun ga aikinsu a Sawakin, garin da aka gina da duwatsun murjani, kamar tsofaffin gidajen Jidda.

Jan murjanin kwalliya a wurare masu duhu yake rayuwa. Wanda masu sha'awa ke kiwo a tankin gilashi danginsa ne na tekuna masu ɗumi da haske, kuma shi yana da 'yan haya: wata gansakuka ce da ido ba ya gani, tana zaune cikin namansa, tana haɗa abinci da hasken rana, tana ba shi mafi yawan abin da yake ci, ita ce ma ke ba shi launi. Da zarar ruwa ya takura masa sai ya kore ta, farin ƙashinsa ya bayyana. Bai mutu ba tukuna, yunwa ce ta fara cin sa. Ƙarin digiri 1 kawai a kan zafin da ya saba da shi, in ya ɗauki makonni, ya isa ya jawo haka. Babban jerin murjani na gabar Ostareliya, mai tsawon kusan kilomita 2,300, ya yi irin wannan farin a 1998, 2002, 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024.

To, in teku da girmanta ta kasa kare shi, ina ga tankin lita 200 a falo?

Kuskuren da sabon mai kiwo ya fi yi idan ya ga murjaninsa ya tsuke ya ƙi buɗewa shi ne ya ruga ya zuba magani. Ƙwararru awo suke fara yi. Ana son gishiri ya kai kimanin giram 35 a kowace lita, zafi ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya kasance 8.1 zuwa 8.4, kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a lita, magnesiyam wajen 1,300. Amoniya, wadda ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci, bai kamata a same ta ba ko kaɗan. Masu kiwon tarwada a gidajen Kano sun san ta sarai, ita ce ke galabaita musu kifi idan ruwa ya daɗe ba a sauya ba.

Ma'aunin da ya fi wahalar da mutane shi ne alkalinti, wato ƙarfin da ruwa ke da shi na danne tsami. Ana son sa tsakanin 7 da 11 a ma'aunin dKH, amma tsayuwarsa wuri ɗaya ta fi lambar muhimmanci. Murjani na cinye shi kullum wajen gini, sai ya yi ƙasa, mai tanki ya firgita ya ɗaga shi cikin sa'a guda, bayan kwana biyu ya tarar naman murjanin yana saɓulewa daga gindi. Marinan Ƙofar Mata, maƙwabtan Shahuci, za su gane wannan da wuri: karofi ma sai an daidaita baba da toka an ba shi kwanaki, wanda ya yi masa gaggawa ya ɓata shi. Sai dai kada kowa ya ɗauko kanwar girki ya jefa a tanki. Tana ɗaga alkalinti, gaskiya ne, amma tafe take da ƙasa da wasu gishirai da ba a san adadinsu ba. Gishirin miya ma ba ya maye gurbin gishirin teku da ake haɗawa musamman domin tanki.

Launi ma shaida ne. Murjanin da ya koma ruwan ƙasa yawanci abinci ne ya yi yawa, nitiret da fosfet suka taru. Wanda ya yi fari ta sama kwana kaɗan bayan an canza fitila, haske ne ya fi ƙarfinsa, sai a rage ko a sauke shi ƙasa.

Wanda zai kafa irin wannan tanki a cikin birni, yanayin Kano ne babban abokin karawarsa. A Afrilu zafi kan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ba zai riƙe ruwa a 26 ba sai da na'urar sanyaya ruwa. Lokacin hunturu kuwa busasshiyar iska na shanye ruwan ta bar gishirin a baya, saboda haka da tataccen ruwa marar gishiri ake cike gurbin abin da ya ƙafe. Wanda ya ƙara ruwan gishiri ya ninka wa kansa matsala. Ruwan famfo na ɗauke da kulorin. Ruwan rijiya ko na 'yan garuwa, a unguwannin da shadda da rijiya ke kusa da juna, yakan zo da nitiret, shi ya sa ake bi da shi ta matatar da ke cire kusan komai kafin a haɗa gishiri. Sannan ga ɗaukewar wuta. Murjani zai jure kwana biyu babu fitila, amma in injin da ke juya ruwa ya tsaya na sa'o'i cikin zafi, iskar shaƙa ta ƙare. Mai batiri ɗaya, injin ya kamata ya jona, fitila ta jira.

Idan awo ya nuna gyara ake bukata, a sauya kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan, da sabon da zafinsa da gishirinsa suka yi daidai da na tankin, a gyara abu ɗaya, a dakata kwanaki kafin a taɓa na biyu. Akwai kuma abin da ba ya yafiya: tagulla. Magungunan ƙwayoyin fatar kifi da yawa na ɗauke da ita, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi. Duwatsu da yashin tankin suna shanye ta su riƙa sakinta a hankali har watanni, don haka kifin da ya kamu da ciwo a wani tanki daban ake yi masa magani.