Na sake karanta littattafan Balaraba Ramat bayan shekara ashirin

Muna gyaran ɗakin goggona a Zangon Kumasi gabanin sallar layya, sai ga wasu littattafai uku a ƙasan akwatin ƙarfe, an naɗe su cikin leda. Bangon ɗaya ya yage, gara ta lashi gefen wani. Budurwar Zuciya, Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, dukansu na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Na ajiye tsintsiya, na zauna a bakin gado, ban tashi ba sai da aka kira la'asar.

Wanda ya tashi a Kano ba lallai ya gane darajar wannan leda ba. A nan muna jin Hausa a gida da kasuwa da masallaci, amma a makaranta Turanci ne, ba wanda ya koya mana rubuta ta da boko. Littattafan nan 'yan kasuwa ne suke haɗowa da kaya daga Kano, kwafi ɗaya ya zaga gida goma. Goggo ba ta karanta boko, ni ce mai karanta mata da dare. In na yi tuntuɓe a kan wata kalma, sai ta ce "sake faɗa", ta gyara mini ita da kunne. Haka na koyi karatun Hausa.

A wancan lokacin Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, labarin ramuwa ne a wurina. Alhaji Abdu, ɗan kasuwa a Kano, ya auro Delu, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta. Rabi ta koma sana'ar sayar da abinci tana riƙe yara, 'yarta Saudatu ta auri mai kuɗi, Alhaji Abubakar. Can gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, Delu ta juya masa baya, ya dawo yana neman sulhu. Na tuna har tafi na yi. Allah ya kama mugu, shi ke nan.

Yanzu da nake da aure da yara, wallahi ba wannan labarin na tarar ba. Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne kuɗin cefane. Marubuciyar ta daɗe a kan ɗan abin da maigida yake ajiyewa da safe, da yadda Rabi take cikasa shi daga guminta, ga kuɗin makaranta, ga sutura. Da ina yarinya tsallake waɗannan shafuka nake yi, ina sauri in kai wurin faɗan kishiyoyi. Ashe nan ne zuciyar littafin. Kowace mace da ke soya ƙosai ko dafa wake da shinkafa a bakin titin zango ta san wannan lissafi ba tare da ta karanta shi ba.

Sai kuma ƙarshen. Rabi ta tsaya da ƙafarta, ta raini 'ya'yanta, sannan mazan dangi suka taru suka matsa mata ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta, yanzu da ba shi da ko sisi. Wai wa ya ci nasara ke nan? Ita ce za ta ci gaba da ciyar da gidan, da ƙarin baki ɗaya. A ganina Balaraba ba ta rubuta wannan don mu yi guɗa ba. Ta nuna mana yadda abin yake faruwa ne, ta bar mu da shi.

Wa Zai Auri Jahila? ma ya canza mini fuska, tun da na san tarihin marubuciyar. Ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad ce, amma hakan bai hana a cire ta daga makaranta a yi mata aure tana 'yar shekara 13 ba, sai daga baya ta koma karatu a ajin manya. To Abu ta cikin littafin, wadda aka raba da makaranta, saurayinta ya ƙi ta don ba ta da ilimi, aka ɗaura mata Sarkin Noma, ba daga iska aka ɗauko ta ba. Budurwar Zuciya kuwa, gaskiya bai riƙe ni kamar da ba, ko da yake Alhajin nan mai auri-saki har gobe muna da irinsa.

A 2012 wani kamfanin ɗab'i na Indiya, Blaft, ya buga Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, fassarar Aliyu Kamal. Abin dariya, abin takaici: yau ɗiyata za ta fi saurin samun na Turancin a intanet a kan na Hausar.

Na ce wa goggo zan tafi da littattafan in kai a ɗinke bangon. Ta ce in ɗauki biyu in bar mata na Rabi, kuma ranar Juma'a in zo da yarinyar ta karanta mata, ita za ta riƙa gyara mata.